Akushin da Na Mayar a Rufe

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan manta da ranar da na mayar wa mahaifina akushinsa a rufe ba. Yau ga ni na tsufa, jikokina ma sun yi 'ya'ya, amma in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunyar ta dawo sabuwa.

Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Nguru ba na bar Gashuwa na tafi can neman aiki. Mu masunta ne gaba da baya, amma ni warin kifi ya ishe ni, ga mata ga ɗa, ina ganin arziki yana inda jirgi yake tsayawa. Na samu aiki wurin wani Bature mai sayen fata da ƙirgi, ni ke shirya masa tebur. Kukunsa wani dattijo ne Babarbare da ya daɗe yana bin Turawa, shi ya zama malamina. Ba allo ba takarda, a madafi na koyi Turancina. Sai ya ɗaga abu ya faɗi sunansa, ni kuma in yi ta maimaitawa har ya zauna: ruwa wota, ƙwai eg, kifi fish, ga bota ga suga. Ya kuma koya mini dokar teburinsu. Ya ce, "In ka kai abinci ya ce no tankiyu, ka ɗauke nan take. Kada ka ce ya taɓa ko kaɗan ne. Mutanen nan ba sa son naci."

Cikin wata biyar na tara kalmomin da ba su fi cikin tafin hannu ba, amma kaina ya kumbura kamar ni na haifi Turancin. Da ruwa ya janye, Baturen ya shirya zuwa Gashuwa sayen fata. Kwana biyu muka yi a hanya, shi a kan doki, mu da 'yan dako a ƙasa. Duk zangon da muka sauka sai in ɗaga murya ina kiran sunayen kayan abinci da Turanci, ba don kowa ba sai don 'yan dako su ji. Kuku yana kallona yana girgiza kai.

Labarin zuwanmu ya riga mu isa. Mahaifina, wanda bai so tafiyata ba tun farko, ashe ya cika unguwa da zancen ɗansa yana jin maganar Nasara. Washegarin saukarmu a bariki ya yi sammako ya hau goransa na su ya shiga kogi, da tsufansa, Allah ya ba shi giwan ruwa babba, irin wanda masu saye ke rububi a kai. Ya ƙi sayarwa. Mahaifiyata ta tuƙa burabusko, ta yi miyar kifin, aka zuba a baƙin akushin da ba a fito da shi sai don babban baƙo, aka rufe da sabon faifai. Wajen hantsi ya aika aka kira ni. Na tarar da shi a ƙofar gida da dattawan unguwa, ya nuna akushin ya ce, "Kai wa maigidanka. Baƙon ɗana ai baƙona ne."

Da na isa bariki Kuku ba ya nan, ya shiga kasuwa neman ƙwai. Na ajiye akushin a tebur, na harhaɗa 'yan kalmomina na ce fish ne daga mahaifina. Baturen ya ɗaga faifai, ƙamshin barkono ya buge shi. Tun a hanya cikinsa ke damunsa, na kuwa sani. Ya yi murmushi, ya dafa ciki, ya ce, "No, tankiyu."

Wallahi abin da na fara ji daɗi ne, don an yi Turanci na gane ba tare da Kuku ba. Na rufe akushin, na ɗauka, na ratsa gari da farin kayan aikina, ina bin dokar da aka koya mini. Ni da aka haifa a gidan da ko gawayi maƙwabci ya aiko ba a mayar da mazubin haka nan, ban tsaya na yi tunani ko sau ɗaya ba.

Dattawan suna nan ba su tashi ba, suna jiran su ji me Bature ya ce. Mahaifina ya hango ni ya gyara zama.

"Yaya? Ya ci?"

"Ya ce no tankiyu, Baba. Wato a'a, ya gode."

Har Turancin na fara faɗa, don su ji. Wani dattijo ya miƙa hannu ya ɗaga faifan, ya ga ko gefe ba a gutsura ba, ya mayar a hankali. Mahaifina ya ce, "To, madalla. Shiga da shi ciki." Daga nan dattawan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da wani aiki da ya bari a gida.

Da na ba Kuku labari, ƙwan da ke hannunsa ya kusa suɓucewa. "A rufe ka mayar? Kai, ɗan nan, ka kashe tsohonka! Ga mu nan mu goma da baki. Da ka kawo bayan madafi mun cinye, a wanke akushi, a sa ɗan gishiri da goro a ciki, ka je ka ce baƙo ya gode ƙwarai. Wa ya yi ƙarya? Ai godiyar ya yi." Na ce shi ya ce mini in ɗauke. Ya ce, "Daga tebur na ce ka ɗauke. Na ce ka kai ƙofar gidanku?"

Kuku ya yi wa Baturen bayani, kuma in faɗi gaskiya, ran Baturen bai yi daɗi ba. Ya ba da suga da ganyen shayi a kai wa tsoho. Amma kyauta ce da ta zo bayan kowa ya watse, ba wanda ya gan ta.

Ranar da za mu koma Nguru na sami mahaifina a bakin kogi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na ce ya yafe mini, Baturen ba shi da lafiya ne, ba raini ba ne. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ban ga laifinsa ba. Baƙo ne, bai san mu ba. Kai fa, a wane gida ka tashi?" Na ci gaba da durƙuso a gabansa. Can ya ce ya yafe, Allah ya kiyaye hanya.

Damina ba ta ƙare ba aka aiko mini ya rasu. Da na zo gaisuwa mahaifiyata ta faɗa mini cewa ranar da na mayar da akushin nan bai sa komai a bakinsa ba, kuma tun daga lokacin in aka tambaye shi aikin da nake yi a Nguru, sai ya ce ina nan lafiya, ya kawo wani zance.

Daga baya Turancina ya yi ƙarfi, har na yi shekaru ina tafinta tsakanin Turawa da fatake. Ban sake ɗaukar magana daga bakin wani na sauke ta a gaban wani ba sai na duba wanda zai karɓe ta da waɗanda ke zaune kusa da shi. Abin da na koya ke nan: duk harshen da mutum zai koya, kada ya bari ya mantar da shi tarbiyyar gidansu. Kalmomin nan biyu na fassara su daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma da su na kunyata mahaifina a gaban tsararrakinsa.