Hoton Sukhai da Goɗiyar Kyaftin

Shekara ashirin da shida Sukhai ya yi yana kwashe kashin dawakin Turawa a barikin soja na garin Mirat, amma ba Baturen da ya taɓa kiran sunansa daidai. Bai damu ba. Damuwarsa ɗaya ce, ɗansa Bhola, wanda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa gonakin rake na tsibirin Moris. Bhola ya haihu a can, ya aiko cewa yaran suna son ganin fuskar kakansu.

Sai ga Kyaftin Halwel, ubangidansa, ya kira mai hoto don goɗiyarsa Gimbiya. Ita kuwa masifaffiya ce, ba ta tsayuwa ga kowa sai Sukhai. Ya ga dama ta samu, ya roƙi a ba shi hoto ɗaya. Kyaftin ya ce to.

Ranar ya aro rawani, ya murza gashin baki da man kwakwa.

"Ango ka sha ƙamshi!" in ji Gangu, abokin aikinsa. "Kai za a aura ko goɗiyar?"

"Rufe min baki, mai warin barga."

Mai hoto ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada abin da ya motsa sai ya ƙirga goma. Gimbiya ta fara kaɗa kunne. Sukhai ya san magani: ya tallabe haɓarta, yana yi mata raɗa, yana gyaɗa kai a hankali yadda ya saba. Ta tsaya cak.

Da hoto ya fito, kowane gashin Gimbiya ana iya ƙirga shi. Ga rawanin aro, ga hannu riƙe da linzami. Inda fuska take kuwa sai wani hazo-hazo kamar an goge da tsumma.

"Ranka ya daɗe, ko a sake? Ban fito ba."

Kyaftin ya kanga hoton a haske, yana murmushi. "A sake me? Dubi ƙirjinta!"

Haka Sukhai ya kai wa mai rubuta wasiƙa hoton, aka aika wa Bhola. Wata bakwai yana jiran amsa. Da ta iso, mai wasiƙar ya karanta masa a bakin kasuwa:

"Baba, mun ga doki, yara sun yi murna. Yaushe za ka aiko naka?"