Sunana a Bangon Littafin Inna

Shekarun baya, lokacin ina tsakiyar aikin gwamnati, na taɓa buga wani ɗan littafi. Wasunku sun sha tambayata yadda aka yi, to yau ga labarin.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, tana koyar da matan aure karatu a tsakar gidanmu na Unguwar Kanawa a Kaduna, kuma ita ake aikowa a kira idan mace ta rasu a unguwar. Ta fi shekara talatin tana wankan gawa. Ni kuwa ina aure a Malali, kuma Allah ya zuba mini tsoron gawa. Ko makara na hango a titi sai na kau da kai.

Da ciwon gwiwa ya fara matsa mata, sai ta ce tana so a rubuta yadda ake wanke mace a suturta ta, tun daga haɗa ruwa har ɗaure likkafani. Ita ajami take rubutawa, matan yanzu kuma boko suke karantawa, don haka aikin ya faɗo kaina. Duk Asabar in je, tana faɗa ina rubutawa, in an tashi aiki in buga a kwamfuta. Shafi arba'in da takwas ne kacal, amma sau bakwai na karanta mata shi daga farko har ƙarshe tana gyara ni.

Niyyata in kai wa mai injin buga littattafai ya yi kwafi ɗari biyar a raba. Wani abokin aikina ya ce, "Hajiya, littafi ba lamba ai kamar mota ce ba lamba. Manyan kantuna ba za su karɓa ba, ɗakin karatu ma haka." Shi ya fahimtar da ni lambar ISBN, wadda ake gani a bayan littafi, kowane littafi da tasa a duk duniya. Ya ce in rubuta takardar nema zuwa ofishin da ke ba da ita, in haɗa da shafin farko mai ɗauke da sunan littafi da na marubuci, in biya kuɗin rajista, in an buga kuma in kai musu kwafi su ajiye.

Na je wa Inna da maganar cewa za a sa sunanta. Ko ɗagowa daga tsintar waken da take yi ba ta yi ba.

"Kul," ta ce. "Ban yi don a san ni ba. Ni ma wata tsohuwa ce ta koya mini, ita ma ba a rubuta sunanta ko'ina ba."

"Inna, ai doka ce."

"To dokar ta nemi wani."

Washegari na tafi ofishin da ke ba da lambar, aka miƙo mini fom. Ga gurbin sunan marubuci yana kallona. Ku da kuka yi aikin gwamnati kun san halinmu: ba ma barin gurbi a fom, ko da ba mu san amsa ba sai mun cusa wani abu. Kuma ni mai girman kai ce wajen tambaya, ina ganin shekara goma sha biyar ina cike fom, wa zai koya mini? Na rubuta sunana, na sa shi a shafin farko don takardu su yi daidai. Daga baya na gane da na buɗe baki da an nuna mini yadda zan rubuta cewa tattarawa kawai na yi. Ba zan yi muku ƙarya ba, har da ɗan son a ga sunana a bangon littafi.

Lamba ta fito, mai inji ya buga yadda na kai masa, littafi ya shiga makarantun Islamiyya da wasu kantuna. Ɗaliban Inna sun iya boko, babu yadda za a yi ba su gaya mata ba, amma ba ta taɓa ce mini uffan ba. A ofis kuwa aka koma kirana Malama, ni kuma ina amsawa da murmushi.

Bayan kamar wata huɗu, wata Asabar da hantsi ina jajjage, aka buga ƙofa. Wata mata ce daga layin bayanmu, idanunta sun yi ja, riƙe da littafin. Baƙi ne a unguwar, aiki ya kawo mijinta Kaduna. Ta ce mahaifiyarta ce ta rasu da safen nan a gidanta, za a yi jana'iza bayan Azahar, tsohuwar da ke wanka a unguwar kuma tana kwance a asibiti.

"Malama, an ce ke kika rubuta wannan. Don Allah ki taimaka mana."

Na ce ta ɗan jira, na shige ɗaki na kira Inna. Ranar tana Zariya wajen sunan jikar ƙanwarta, ga ciwon gwiwa, ko ta taso a lokacin da wuya ta iso ta gama wankan kafin Azahar. Na gaya mata komai.

"To me kike jira?" ta ce.

"Inna, kin san ban taɓa ba. Tsoro nake ji."

"Da kika sa suna ba ki ji tsoro ba?"

Wannan ne karo na farko da ta ambaci maganar.

"Ki ji," ta ce, muryarta ta sauko. "Babu layin da ba ki haddace ba a littafin nan. Ki fara gaya wa baiwar Allah gaskiya, kada ki shiga ɗakin da ƙarya. Ki ɗan ɗumama ruwan. Ki riƙe ta kamar tana jin ciwo. Waya kuma ki bar ta a waje."

Na fito na gaya wa matar cewa littafin na mahaifiyata ne, ni rubutawa kawai na yi, kuma ban taɓa ko taɓa gawa ba. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta share ido ta ce, "Amma kin san yadda ake yi. Mu ko haka ba mu sani ba."

Mu uku muka shiga, ni da ita da wata maƙwabciya. Na yi bisimilla, na naɗe hannuna da tsumma, muka rufe tsohuwar da zane. Alwala, ɓangaren dama, ɓangaren hagu, ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. A haka har na zo kan gashinta. Furfura ce fat, mai laushi, da sauran kitson da 'yarta ta yi mata. Ina tsefewa na lura tsoron ya tafi, tausayi ne kawai ya rage. Kafin ladan ya kira salla mun gama, maza suka ɗauka.

Da Inna ta dawo na je na durƙusa. Na ce zan nemi sabuwar lamba a sake buga littafin, a cire sunana, ko da ba za a sa nata ba.

"Bar shi," ta ce. "Sake takarda wahala ce. Ke za a gyara ki yi daidai da abin da aka rubuta."

Daga ranar, duk inda aka kira ta sai ta aiko a kira ni. Tun ina riƙe buta har ta koma zama a kujera tana nuna mini da baki. Shekara shida muka yi a haka.

Masu tambayata game da lambar littafi, abin da zan ce muku ba shi da yawa. Samunta ba wuya, ku shirya takardunku ku je, kuma abin da ba ku gane ba ku tambaya. Amma sunan da kuka sa a shafin farko, mutane yarda da shi za su yi, wata rana kuma su biyo shi har ƙofar gidanku. Har yau ina jin kunyar abin da na yi, sai dai ban iya cewa na yi da-na-sani ba.

Ranar da Inna ta rasu, matan Unguwar Kanawa sun cika tsakar gida, ana ta tambayar wa za a kira, tunda mai yi ce ta kwanta. Ƙanwarta ta dube ni, na tashi na ɗora ruwa a wuta.