Ludayin Ruwa a Faƙon Babana

A ranin da ya biyo bayan babban farin 1984, wata safiya muna tsaye a farfajiyar lekol, wato makarantar boko, muna rera taken ƙasa, sai ga wata farar mota ta ratso ta gabashin gari, gangunan ƙarfe na kwaramniya a bayanta. Zamanin mulkin soja ne, idan mota ta tsaya a ƙauye manya sukan gyara zaman hula su jira su ji abin da ya kawo ta. Amma ba soja ba ne ya fito. Wata siririyar mace ce, sanye da wando da malfa irin ta makiyaya, tana riƙe da dogon tiyo mai ruwa a ciki. Bazabarma ce daga Yamai, Hausarta tana tuntuɓe, kuma kafin rana ta yi tsaka mun riga mun sa mata suna Madam Ruwa. Ina aji huɗu a lokacin, a wani ɗan ƙauye na ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge a kan jaki.

Abin da ya kawo ta ya ba gari dariya. Ita da abokan aikinta sun zo ne su binciki inda ruwan sama yake zuwa bayan ya sauka. Kowa ya san amsa: yakan zubo kan faƙo, wato ƙasar nan mai tauri kamar daɓe wadda ko ƙaya ba ta fita a kanta, ya gangara kwari da gudu, ya kwashe ƙasa ya jibge a tabkinmu, tabkin yana ƙara cikewa da laka, yana ƙafewa da wuri kowace shekara. Su kuwa suka ce sai sun auna. A bayan lekol suka kewaye filaye da yankakken kwano, suka binne ganga a ƙarshen kowanne don ta tari ruwa da lakar da za su gangaro. Wani fili suka bar shi yadda yake, wani suka jera masa duwatsu, wani kuma suka haƙa masa ramuka masu siffar rabin wata, kowane da tudun ƙasa a bayansa. Dattawan da ke dara a gindin gawo suka ce: "Mu muna neman hatsi, gwamnati ta aiko muna da masu awon laka."

Ni dai ban yi dariya ba, ko da yake ba na cikin masu magana. Yarinya ce ni mai shiru. Idan 'yan mata suna gaɗa a dandali, nakan zauna gefe ina riƙe musu takalma. Littafin karatunmu guda na karance shi har na haddace, na koma karanta abin da aka rubuta a jikin buhunan taimako da gwangwanin madara. Kakata, wadda a ɗakinta na tashi, takan ce tun da aka haife ni ba ta ji muryata ta wuce dangar gida ba. Ayyukana su ne ɗebo ruwa, da ɓarzar goriba, da kai fura gona, da tsintar kashin awaki don taki, kuma ina yin su a tsanake har a gaji da jirana.

Wata rana mushe, malaminmu, ya fita da mu wurin ramukan don Madam Ruwa ta yi mana bayani. Da ta ga Hausarta ba za ta kai ba, faransancinmu kuma bai isa ba, sai ta karɓi ƙwarya cike da ruwa ta tsuguna ta zuba a ƙasa a hankali. Ƙasar da muke gani shimfiɗe kamar tabarma ashe tana da gangare. Ruwan ya yi ɗan jim, ya miƙe ya nufi yamma, ya shige bakin ramin ya kwanta, tudun da ke baya ya tare shi. Ta ɗago ta ce: "Baki na rami, shi duba inda ruwa ya hito. Kullum." Yara suka yi ta kwaikwayon maganarta a hanyar gida. Ni kuwa na je bayan ɗakin kaka na gina ƙananan ramuka da yatsa, ina gwadawa da ruwan wanke-wanke.

A gidanmu shekarar ba ta dariya ba ce sosai. Fari ya cinye awakinmu da rumbu, gonar jigawar da babana ya gada kuma ba ta da faɗi. Da can yakan tafi cin rani Najeriya ya dawo da bazara, to an rufe iyaka, ya zauna gida. Sai ya fara maganar Abijan, inda wansa ya tafi tun ina goye, bai sake dawowa ba. Ya sayi wata jakar tafiya ta roba a kasuwar Filinge ya rataye ta a ƙofar ɗakinsa, ya ce idan daminar bana ba ta cika rumbu ba, zai tafi, kuma ba tafiyar rani guda ba. Duk sanda na wuce ƙofar nan nakan kau da kai daga jakar.

Yana da wani faƙo a hayin kwari, yamma da gari, wanda babu wanda ya yi gardama a kansa ranar rabon gado. Babana manomi ne da ake yabo, kuma yana cikin masu dara a gindin gawo, don haka ba zai iya zuwa ya tambayi masu awon laka ba. Amma na lura ya sauya hanyar zuwa masallaci, yana bi ta bayan lekol a hankali, hannu a baya, yana satar kallo. Bayan 'yan kwanaki ya ari diga, ya ɗauki ƙanena Illa, suka nufi faƙo. Ranar da na kai musu fura na ga aikin, sai na tsaya ina ƙare masa kallo. Ramukan sun yi kyau, sun fi na Madam tsabta, amma duk bakinsu gabas yake duba, daidai yadda ya gani a bayan lekol. A can, gabas ne tudu. A nan hayin kwari kuwa, gabas ne gangare. Ruwa zai zo ya tarar da tudun ƙasa a gabansa, ya kewaye, ya yi tafiyarsa.

Ga matsalar: ni ce 'yar fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a haka muka taso. Idan babana yana son ruwan alwala ina tsaye kusa da shi, Illa zai ce wa: "Gaya wa waccan ta kawo buta." Tun da na yi wayo ban taɓa haɗa jimla biyu a gabansa ba. To yaya zan buɗe baki in ce masa gumin da yake zubarwa a zafin bazara duk a banza ne? Na gwada Illa, ya ce shi ba zai sha mari saboda karatuna ba. Na koma wurin kaka, na zayyana mata komai muna tsinke zogale.

Kaka ta yi dariya har ta share hawaye. "Yau ga Malama Shiru da wa'azi. Ke da ba ki iya riƙon hauya, ke za ki koya wa ɗana noma?" Amma da yamma ta kira shi ta gwada. Sai dai kafin maganar ta fito daga bakinta ta cakuɗe, gabas ta koma yamma, tudu ya koma rami. Ina jin su daga cikin ɗaki. Babana ya ce cikin ladabi: "Inna, da idona na gani. Gabas sunka duba. Kuma abin da ya dubi alƙibla ai ba shi ɓaci." Da ya fita, kaka ta shigo ta zauna bakin gado tana tauna goro. Can ta ce: "Madam ɗin taku, da baki ta gane da ku?" Na ce a'a, ruwa ta zuba. Ta ce: "To ke ba ki da hannu?"

Washegari na ɗauki furar da tulu cike da ruwa, ba ɗan goran da na saba ba. Rijiyar da nisa, faƙon ma da nisa, wuyana ya sage kafin in isa. Babana yana sara, Illa yana kwashe ƙasa. Na ajiye furar a inuwar wata 'yar aduwa kamar kullum, amma maimakon in juya, sai na wuce bayan wani rami da aka gama, na tsuguna na karkata tulun. A shekarar da ake rabon ruwa da ludayi, zubar da shi a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Illa ya buɗe baki. Ƙarar diga ta tsaya. Ban ɗago ba, ruwan kawai nake kallo. Ya gangaro yana sheƙi, ya iso tudun ramin, ya rabu biyu, ya bi ta gefe da gefe ya wuce, ya bar cikin ramin a bushe ƙamas.

Kurciya na kuka daga kwari. Ina ganin ƙafafun babana sun matso, sun tsaya. Ya karɓi tulun ba tare da ya dube ni ba, ya je wani ramin ya zuba da kansa, ya bi ruwan da ido har inda ya ƙare. Ya tsaya riƙe da ƙugu yana duban jerin ramukan da ya ci kwanaki yana haƙa. Sai na ji wani abu da ban zata ba, wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce wa Illa: "Ashe ruwa ba shi sallah." Sannan ya ƙara da cewa: "Gaya wa waccan gobe ta taho da ludayi. Tulu ya yi yawa."

Haka muka yi sauran bazarar. Idan an tashi lekol nakan zo da gora da ludayi. Babana zai nuna wuri da bakin diga, in tsuguna in zuba ludayi guda, mu biyu mu zuba wa ruwan ido, inda ya nufa nan za a tara tudu. Tsofaffin ramukan ya juya su ɗaya bayan ɗaya, innata da Illa suna zuba taki a ciki. Wani wurin gangaren yakan karkace, sai in ƙi tashi har sai na sake gwadawa, shi kuma ya jira, bai taɓa nuna gajiya ba. Ba mu ce wa juna uffan ba, amma ban taɓa yin doguwar hira da wani kamar wadda na yi da shi a faƙon nan ba. Maƙwabcinmu Arzika, wanda yake kan addinin kakanni, yakan tsaya ya tsokane shi: "Malam, mu da kuka cewa muna zuba wa ƙasa ruwa don iskoki, kai wa kaka zuba wa?" Babana ya ce: "Ni tambayarta nika yi."

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da rana tsaka. Yana ɗaukewa muka ruga, har da kaka da sandarta. Daga bakin kwari muka hango faƙon yana walƙiya, kowane rami cike, kamar an jera ƙoren nono a kasuwa. Illa ya faɗa cikin ɗaya da wandonsa. A bayan lekol ma Madam Ruwa tana ta leƙa gangunanta, ta filin da aka bari ta cika da jan ruwa har tana ambaliya, ta filin ramuka kuwa da ƙyar ta jiƙe. Da labarin faƙonmu ya kai mata ta zo da tiyonta na awon gangare ta auna, ta tambayi wanda ya fitar masa da gangaren. Ina tsaye a bayan kaka. Babana ya dubi wani wuri can nesa ya ce: "Akwai wata a ɗakin Inna."

Dawar da aka shuka a ramukan ta yi kai. Ba ta mai da mu masu arziki ba, amma da aka haɗa da geron jigawa rumbu ya cika har aka nemi aron wani. Babu wanda ya sake maganar Abijan. Jakar ta daɗe a rataye, sai wata rana na tarar kaka ta sauke ta ta zuba mata ƙaiƙayi, kazarta tana kwance a ciki kan ƙwai.

Yanzu ina koyar da ilimin ƙasa da ruwa a wata makarantar sakandare, ɗalibaina suna ganin gangaren fili a hoton da aka ɗauko daga sama, cikin wayarsu. Ramukan rabin wata sun cika ƙasar Kurfai, har yara suna zaton tun asali haka ake noma. Faƙonmu ya zama gona mai gawo da magarya, ko da yake a 'yan shekarun nan hanyar ba kullum take biyuwa ba saboda rashin tsaro, kuma nakan daɗe ban je ba. Babana ya rasu bai taɓa kiran sunana ba. 'Yata ta fari kuwa tana kiran ubanta a waya su yi ta gardama, ina jin daɗin hakan, ba na fatan a koma baya. Amma duk shekara nakan fita da aji farfajiya da ƙwarya a hannu, in tsuguna in zuba, kuma a ɗan shirun nan kafin ruwan ya zaɓi hanyarsa, nakan ji kamar ƙafafunsa sun matso sun tsaya kusa da ni.