Marin da Ya Tafi da Kunnena

Lokacin da abin ya faru, ni matashiyar malamar asibiti ce. Ban daɗe da gama makaranta ba aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye na ƙasar Doguwa. Ina son aikina ƙwarai, ina da zafin nama, sai dai ba ni da yawan magana. A ganina, in dai na san abin da nake yi, tsayawa bayani ɓata lokaci ne. Wayyo, ashe da saurana.

Wata ranar kasuwa da hantsi, tsakiyar damina, ni kaɗai ce a bakin aiki. Abokin aikina ya tafi Tudun Wada karɓo magunguna, dattijon da ke mana gadi kuma ya leƙa kasuwa. Sai ga babur da wani magidanci wanda kububuwa ta sara a gonar masara tun yammacin jiya. An yi ta ɗura masa sassaƙe a gida, an kuma ɗaure masa ƙafa tamau da robar taya, kamar yadda mutanenmu ke yi wai don kada dafi ya hau. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, dasashinsa na tsattsafo da jini. Kafin in ankara ɗakin ya cika maƙil da 'yan'uwa da maƙwabta. Ban yi wa kowa bayani ba. Na ce su matsa, na sassauta robar don na ga ƙafar na shirin mutuwa, na ɗaura masa ruwa, na ce maza a nemo mota zuwa babban asibiti, don mu ba mu da maganin dafi. Motar ba ta iso ba rai ya yi halinsa.

Ƙanin mamacin, wanda shi ya ɗaure ƙafar da hannunsa, ya miƙe yana ihu wai ni na kashe masa ɗan'uwa. Wai robar ce ta riƙe dafin tun jiya, ina kwancewa ya hau zuciya. Na buɗe baki zan ce masa dafin ya daɗe da gama jiki, sai ji na yi tau a kunnena na hagu, na faɗi kan gadon ƙarfe. Ga maza cike da ɗaki, amma wallahi babu wanda ya riƙe shi har ya ƙara mini da ƙafa. Wata tsohuwa ce ta faɗo kaina ta lulluɓe ni da mayafinta tana salati.

Bayan sadakar uku mai unguwa da liman suka zo ba ni haƙuri. Suka ce zafin rashi ne, in dubi Allah in bar maganar a gida. Shugabana ya ce kada mu ɓata da mutanen gari. Mahaifina ma ya ce ba a watsa wa manya ƙasa a ido. Na haƙura, ban kai ƙara ko'ina ba, na nemi canjin wuri kawai. Likita a Kano ya ce dodon kunnen ya fashe kuma lahanin ya yi zurfi, har yau ba na ji da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yarinyar da aka kawo a madadina ba ta yi nisa ba wani ya shaƙe ta a wannan ɗakin, don kowa ya ga an daki ta farko an kwana lafiya. Da na ji labarin na yi kukan da ban yi wa kaina ba.

'Yan'uwana ma'aikatan jinya, kafin ku taɓa abin da dangi suka yi da hannunsu, ku ja babbansu gefe ku gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, sauran su jira a waje. Shugabanni, don Allah ku daina barin mace ita kaɗai a asibiti babu mai gadi. Mu koma kanku ma'aikata, in an taɓa ku, ku yafe in kun so, amma ku kai maganar inda za a tsawata, don na bayanku. Ku kuma dangin marasa lafiya, na san zafin rashi, amma wadda ke tsaye a kan ɗan'uwanku 'yar wani ce.

Kwanakin baya 'yata ta zo ta raɗa mini a kunnen hagu, ta manta. Ta zagayo dama tana dariya, ta ce in ta girma aikina za ta yi. Na ji ta sarai, amma na yi kamar wannan kunnen ma ya mutu.