Motsi na Bakwai

Jiya a garin Salford na hangi wani tsoho yana juya hannuwa a hankali cikin yayyafi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Haka yake yi kowace safiya a bayan gidansa na unguwar Small Heath, jikinsa na ƙamshin man zafi. Motsi goma sha takwas ne na mayaƙan wani haikalin Buddha, wani ɗan Chana abokin aikinsa ya koya masa.

Na koyi bakwai, na ce sanyi ya ishe ni.

Ya ce, “To, sauran sai bazara.”

Bai kai bazarar ba. Na zaga makarantun kung fu, ba wanda ya san salonsa. Kullum a na bakwai hannuna yake tsayawa.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya yafe mini sha ɗayan da na bari aka binne da kai.