Farar Rigar Hikmatu

Tun Hikmatu tana firamare nake sayar mata da koko, don gidansu yana kallon rumfata a unguwar Gumbihini, cikin Tamale. Ubanta Mahamudu tela ne, mutumin kirki, sai dai akwai son burga.

Ranar da ta samu jami'a ya hau babur ya sayo mata farar riga irin ta masu gwaje-gwaje, domin a garin nan kusan duk ɗalibin da ka gani da safe ita ce a jikinsa. Ta ce, "Baba, tarihi fa zan karanta." Ya ce, "To, kowa da inda yake farawa." Shi ke nan unguwa ta laƙaba mata Dokta. Mata su tare ta da ciwon gwiwa, ta ce su tafi asibiti. Mahamudu bai taɓa gyara wa kowa zancen ba, kuma wannan ne ke ci mata rai. Ni ma haushi yake ba ni.

A makarantar ma ba ta tsira ba. Su goma sha ɗaya ne a ajinsu. Aka mayar da ɗakin karatunsu ma'ajiyar kwalaben gwaje-gwaje, suka koma gindin darbejiya. Ranar baje kolin kimiyya su ake sa wa jera kujeru. Da dariya ta ba ni labarin, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Aikinta na shekarar ƙarshe a kan kakarta ta yi shi, Hajiya Asana, uwar Mahamudu. Bayan la'asar sai ta zauna da littafi, tsohuwa na ɓarar gyaɗa tana jero mutanen gidan da suka zo fataucin goro: wane ya haifi wane, wa ya tsaya a Salaga, wa ya ƙaraso Tamale. Mahamudu kan wuce ya ce, "Wannan hira ne zai ba ki aiki?"

Da damina Asana ta rasu. Al'adar gidansu ce, ranar addu'ar bakwai a ambaci kakanni ɗaya bayan ɗaya kafin a shafa fatiha. Shekara da shekaru Asana ce ke raɗa wa maza sunayen daga bayan labule, kuma ba wanda ya tuna da haka sai da liman ya ce, "Mahamudu, bismilla."

Ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi na kakansa, ya tsaya. Baƙi cike da tsakar gida, har daga Kumasi. Ina cikin mata ina hango ƙeyarsa tana zufa, wallahi ya ba ni tausayi.

Hikmatu ta tashi ta zauna a bayan labule, daidai wurin kakarta. Ko littafin ba ta buɗe ba. Tana faɗa a hankali, yana maimaitawa da ƙarfi, har sunaye tara, har Usumanu mai jakuna da ya fara sauka a Salaga.

Da aka shafa, wani dattijo cikin baƙin ya tambayi wa ke bayan labule. Wani maƙwabci ya ce, "Dokta ne, ɗiyan tela."

Mahamudu ya goge fuska da hularsa. "Ba dokta ba ne," ya ce, yadda kowa zai ji. "Tarihi take karantawa. Ni ne ban san amfaninsa ba."

Farar rigar tana nan. Da ita yake rufe keken ɗinkinsa idan ya tashi daga aiki.