Hoton Ƙirjin Baba da Shaidu Biyu

A kakar da na kammala jami'a, wata motar asibiti ta zo garinmu da ke kusa da Tofa, tana ɗaukar hoton ƙirji kyauta. Babu likita a cikinta. Na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira take duba hoton, ta faɗi abin da ta gani nan take. Mahaifina ya daɗe yana tari, saboda haka na lallashe shi ya shiga layi.

Ma'aikacin motar ya kira ni gefe, ya nuna mini wani wuri a huhun dama da na'urar ta zagaye da ja. Ya ce a je birni a bincika. A asibitin birni aka gwada kakin Baba, ba a sami tarin fuka ba. Muka kai hoton wurin likitan da aikinsa ke nan, karanta hotuna. Dattijo ne mai natsuwa, ga hotuna jibge a gabansa. Ya duba namu, ya ce tsohon tabo ne.

"Baba, ka je ka yi girbinka," in ji shi. "In tarin ya ƙi tafiya, ka dawo."

Na tambaye shi zancen na'urar. Ya ce tana yawan tsorata mutane a kan abin da ba komai ba, amma wani lokaci takan hango abin da ido ya tsallake. Ya ce akwai wani hoto mai zurfi, mai nuna cikin huhu dalla-dalla, da zai raba gardama, idan muna so.

A hanyar komawa, cikin a-daidaita-sahu, Baba ya ce, "To, Malam mai digiri, wa ke da gaskiya?"

Na ce ban sani ba.

"Sai a haɗa su. In mutum biyu suka saɓa a kan iyakar gona, mai unguwa kiransu yake yi gaba da gaba, kowa ya kawo hujjarsa."

Na bayyana masa cewa motar ta riga ta wuce zuwa wata ƙaramar hukuma, kuma na'urar ba ta amsa tambaya; zagaye kawai take yi.

"Shaidar da ba a iya yi wa tambaya?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "In shaidu suka yi kunnen doki, gona tana zama a hannun mai noma ta. A bar mini ƙirjina yadda yake."

Na roƙe shi mu yi hoton nan mai zurfi. Ya ce gero ba ya jiran kowa, kuma mutumin da ya dube shi ido da ido ya sallame shi. Na nemi hujjar da zan ɗora a kan wannan, ban samu ba, domin ni kaina ban san wanda zan gaskata ba.

Washegari ya tafi gona, na bi shi ina ɗaure dami. Duk lokacin da ya tsaya ya dafa ƙirji, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da ɗauri.